Labarin Bede, Malamin Jarrow

Tun da shekarar nan ta raba tsakiya, ba ka jin wata hira a ɗakunan kwananmu sai ta inda za a tura mu in mun gama. Kowa roƙon Allah ya ke yi kada a jefa shi wani ƙauyen da mota ba ta shiga sai ran kasuwa. Akwai wani abokina da ya ke ganin duk malamin da aka kai irin wannan wuri an binne shi ke nan da ransa, ɗan ilmin da ya tara ma sai ya zube. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina da wannan fargaba. Ana cikin haka aka ba ni aikin shirya darasi a kan yadda a ke ƙidayar shekaru. Ina cikin tone-tone a ɗakin karatu sai na ci karo da sunan wani malamin Ingila na zamanin da, wai shi Bede. Na bi labarinsa har ƙarshe, na ga ya kamata in kawo muku shi, don shi ma malamin makaranta ne kamarmu, kuma kusan duk rayuwarsa bai wuce tsakanin wasu gidaje biyu masu nisan mil 7 da juna ba.

A zamanin da mu ke magana Ingila ba ƙasa ɗaya ba ce. Sarakuna ne barkatai, kowa da ƙasarsa, yau a yi zumunci gobe a yi yaƙi. Ƙasar da ke can arewa maso gabas ana kiranta Northumbria, addinin Kirista kuwa bai daɗe da kafuwa cikinta ba. A shekarar 635 wani mai wa'azi, Aidan, ya zo daga tsibirin Iona ya zauna a wani ɗan tsibiri mai suna Lindisfarne. Da farko bai iya harshen mutanen sosai ba, Sarki Oswald da kansa ya riƙa yi masa tafinta. Daga nan gidajen sufaye suka yi ta tsirowa a ƙasar. Abin da na ke nufi da gidan sufaye shi ne wurin da mutane suka keɓe kansu domin ibada, ba aure, ba dukiyar kai, suna ƙarƙashin shugaba ɗaya da doka ɗaya. Wasu gidajen na maza ne, wasu kuwa maza da mata ne kowa da sashensa, kamar na Whitby wanda wata 'yar gidan sarauta mai suna Hild ta shugabanta tun daga 657. Kada ku ɗauka addu'a kaɗai a ke yi ciki. Suna noma, suna kiwo, suna ƙira, suna sauke baƙi. A duk ƙasar kuwa babu inda yaro zai koyi karatu da rubutu in ba can ba.

Gidan da ya yi renon Bede wani mutum ne ya kafa shi, sunansa Benedict Biscop. Ɗan manya ne, bafaden sarki, amma yana da shekara kamar 25 ya ajiye takobi ya kama hanyar birnin Rum. A 674 Sarki Ecgfrith ya ba shi ƙasa wadda za ta ciyar da iyali 70 a bakin kogin Wear, wurin da a ke kira Wearmouth, cikin garin Sunderland na yanzu. Mutanen ƙasar da katako su ke gini, su yi jinka. Shi kuwa ya haye teku zuwa ƙasar da yanzu mu ke kira Faransa ya ɗauko magina masu aikin dutse, ya kuma aika aka zo da masu yin gilashi don tagogi. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Rum, a ƙalla sau biyar, kowace dawowa da kayan littattafai da hotuna. Har babban mai koyar da waƙar sujada na majami'ar Bitrus ta Rum, wani Yohanna, sai da ya roƙo aka ba shi aro ya zo ya koya wa mutanensa. Ku tuna tafiyar nan ta watanni ce, a ƙasa da bisa dabba, ga duwatsu masu ƙanƙara, ga 'yan fashi. A ganina duk wanda zai yabi Bede ya kamata ya fara da wannan mutum.

An haifi Bede wajen shekarar 673 a ƙasar wannan gida. Yana da shekara 7 danginsa suka kai shi suka danƙa wa Benedict, kamar dai yadda a ke kai yaro almajiranci a bar shi hannun malam. Ba da daɗewa ba sarki ya ƙara ba su wata ƙasa ta iyali 40 a Jarrow, kusa da kogin Tyne, aka kafa gida na biyu, aka sa wani mai suna Ceolfrith ya shugabance shi. Gidajen biyu ana ɗaukarsu gida ɗaya ne. Bede ya koma hannun Ceolfrith. An keɓe majami'ar Jarrow ran 23 ga Afrilu, 685, dutsen da aka rubuta ranar a kansa yana nan har yau a bangon majami'ar.

Shekara guda bayan wannan biki annoba ta shigo. A Wearmouth ta ɗauke mutane da yawa har da mai riƙon gidan. A Jarrow kuwa, wani tsohon littafi na tarihin Ceolfrith ya nuna duk waɗanda suka iya karatu da waƙar sujada sun mutu, sai mutum biyu, Ceolfrith da wani ƙaramin yaro almajirinsa. Al'adarsu ita ce su taru sau da yawa dare da rana su rera Zabura, wannan sashe ya ɗauka wancan ya amsa. Ceolfrith ya ga ba su da yawan da za su yi haka, ya ce a rage waƙar. Suka yi mako guda a haka, abin ya ƙi kwanta masa a rai, yana ta hawaye. Sai ya mai da kome yadda ya ke. Shi da yaron nan su biyu suka riƙa ɗauka suna amsawa cikin majami'ar da ta zama wayam, har ya koyar da wasu suka cike gurbi. Littafin bai faɗi sunan yaron ba, amma masana da yawa suna ganin Bede ne, don a lokacin yana da shekara kamar 13, kuma a hannun Ceolfrith ya ke. Na daɗe ina tunanin wannan wuri. Mu nan in ruwan sama ya hana rabin aji zuwa, nan da nan mu kan ce a bar darasin sai gobe.

Yana da shekara 19 aka naɗa shi dikon, alhali a bisa doka sai mutum ya kai 25. Yana da 30 ya zama firist. Daga nan labarin rayuwarsa ba shi da wani tashin hankali. Bai zama bishop ba, bai shugabanci gidan ba, bai taɓa ganin Rum ba. Tafiyarsa da aka tabbata ita ce zuwa Lindisfarne da zuwa York. Shi da kansa ya shaida abin da ya fi masa daɗi duk rayuwarsa shi ne koyo, da koyarwa, da rubutu. Masu bincike sun ƙiyasta littattafan gidan sun kai kamar 200. Yau ba za a kira wannan da yawa ba, amma a lokacin da wuya a sami irinsa a duk arewacin Turai.

Don ku gane darajar littafi a zamanin, sai in ba ku labarin guda ɗaya. Babu takarda, babu injin bugawa. Fatar maraƙi a ke jiƙawa a kankare, a miƙe ta ta bushe, a goge, a yanka, a ja layi, sa'an nan a rubuta da alƙalamin gashin tsuntsu. Ceolfrith ya sa aka rubuta Littafi Mai Tsarki dukansa da Latin har kofi uku, ɗaya na Wearmouth, ɗaya na Jarrow, ɗaya kyauta ga Paparoma. Na ukun nan yana da ganye 1,030, nauyinsa fam 75, fatar maruƙa fiye da 500 ta shiga cikinsa. A watan Yuni na 716 Ceolfrith ya ajiye shugabanci ba zato, ya ɗauki littafin ya nufi Rum, yana tsoho mai shekara 74. Ya bar sufaye wajen 600 a gidajen biyu, suka rako shi bakin kogi suna kuka. Bai kai ba, ya rasu a garin Langres ta Faransa cikin Satumba, wasu daga cikin mutanensa suka wuce da littafin. Bede ya ji rabuwar nan ƙwarai, har ya dakatar da sharhin da ya ke rubutawa a kan littafin Sama'ila, sai da hankalinsa ya kwanta ya ci gaba. Littafin kuwa ya ƙare a wani gidan sufaye na Italiya, inda wani ya kankare sunan Ceolfrith ya rubuta nasa. Shekara wajen dubu ana tsammani aikin Italiyawa ne, sai cikin ƙarni na 19 aka gano gaskiya. Yanzu yana birnin Florence, ana kiransa Codex Amiatinus, kuma shi ne mafi tsufa cikin cikakkun kofe na fassarar Latin ta Jerome da suka rage a duniya. A 2018 aka kawo shi Landan aro don a nuna wa jama'a, bayan shekara 1,302 da barinsa ƙasar.

Yawancin rubuce-rubucen Bede sharhi ne a kan Littafi Mai Tsarki, amma ni waɗanda suka fi jan hankalina su ne na aji. Yaran da a ke kawo masa harshensu na gida Turancin da ne, karatu kuwa duk da Latin a ke yi, harshen da babu wanda uwarsa ta yi masa magana da shi. Mun san wannan wahala. Sai ya rubuta musu littafin ƙa'idar rubutu, ya jera kalmomin da su kan rikita yara bi da bi. Ya rubuta na awon waƙa, ya rubuta na halittu, watau rana da wata da taurari da iska da tsawa. Ya koya musu duniya a dunƙule ta ke kamar ƙwallo, shi ya sa tsawon yini ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya lura cikar teku da janyewarta suna bin wata, kowace rana suna ɗan jinkiri kamar yadda fitowar wata ke jinkiri, kuma lokacin cikar ya sha bamban daga wannan gaɓa zuwa waccan. Tun da alƙaluman Rumawa ba su da daɗin lissafi, ya bayyana musu yadda a ke ƙirga da yatsu: hannun hagu na ɗai-ɗai da gomiya, na dama na ɗari-ɗari da dubbai, har a kai 9,999. Na gwada wannan a ɗaki, ban wuce 30 ba yatsuna suka sarƙe.

Maganar ƙidayar shekaru, wadda ta kai ni gare shi, ta samo asali daga gardamar ranar Ista. Kiristocin da suka koyi addini daga Iona da waɗanda suka koya daga Rum lissafinsu ya bambanta, har ya zama wata shekara sarki na bikin Ista matarsa tana cikin azumi. An yanke maganar a wani taro a Whitby a 664 aka bi Rum, amma kafin a san ranar sai an iya lissafin wata da na rana tare. Bede ya rubuta ƙaramin littafi a kan wannan a 703. A ciki ya sake ƙirga shekarun duniya daga halitta zuwa haihuwar Almasihu, ya sami 3,952, alhali abin da aka saba ji ya wuce 5,000. Dalilin bambancin shi ne ya bi fassarar da aka yi daga Ibrananci, na gabansa kuwa sun bi ta Helenanci. A 708 wasu suna ci suna sha a gaban Bishop Wilfrid suka yi masa ƙazafin bidi'a. Labari ya kai masa ya firgita, ya kuma husata ƙwarai. Ya rubuta doguwar wasiƙa ya nuna lissafinsa dalla-dalla, ya roƙa a karanta ta a gaban bishop ɗin. Abin ya tsaya masa a rai, don shekara 17 bayan haka, a babban littafinsa na lissafin lokaci na 725, ya sake komawa kan maganar.

Ba Bede ne ya ƙirƙiro ƙidaya daga haihuwar Almasihu ba. Wani sufi a Rum mai suna Dionysius ne ya fara ta a 525, amma ta zauna cikin jadawalin Ista kawai, jama'a kuwa suna ƙirga da shekarun sarautar sarkinsu. To, mai rubuta tarihin ƙasar da ke da sarakuna da yawa a lokaci guda, da shekarun wanne zai ƙirga? Sai Bede ya ɗauki ƙidayar Dionysius ya jera labarinsa a kanta. Littattafansa suka bazu, ƙidayar ta bazu tare da su. Ita ce mu ke rubutawa a kusurwar allo kowace safiya.

Littafin tarihin nan, na ikilisiyar mutanen Ingila, ya gama shi a 731, kashi biyar. Yaya mutumin da ba ya fita ya san labarin ƙasa duka? Da wasiƙa. Shugaban gidan sufaye na Canterbury, Albinus, ya tattara masa labarin kudu. Wani firist na Landan, Nothhelm, ya je har Rum ya kwafo masa wasiƙun Paparoma daga ma'aji. Bishop Daniel ya aiko da na yamma, sufayen Lastingham da na Lindisfarne suka ba da nasu. A farkon littafin ya lissafta waɗanda suka ba shi labari, a ciki kuma ya kan faɗi wanda ya gani da ido da wanda ji kawai ya yi. Haka ya ke yi a sharhinsa ma: in ya ɗauko magana daga wani malami na da, sai ya sa haruffan sunan malamin a gefen shafi, ya kuma roƙi masu kwafa kada su bar su. Ba don shi ba da ba mu san labarin Caedmon ba, makiyayin shanun Whitby wanda ya kan sulale daga wurin biki don kunyar bai iya waƙa ba, daga baya ya zama mawaƙin Ingilishi na farko da aka san sunansa.

Ba na cewa ba shi da aibi. Ba ya ƙaunar mutanen asalin tsibirin, kakannin mutanen Wales, ya kuwa bar ƙiyayyar ta shiga alƙalaminsa. Maganar ranar Ista ma ya ja ta har mai karatu ya gaji. Amma Aidan, wanda a ganinsa ya kuskure lissafin Ista, ya yabe shi da zuciya ɗaya saboda tawali'unsa da yawonsa da ƙafa cikin ƙauyuka.

Ƙauyukan nan sun dame shi har ƙarshen ransa. A Nuwamba 734 ciwo ya hana shi zuwa York wurin Bishop Ecgbert, sai ya rubuta masa wasiƙa mai zafi. Ya ce akwai ƙauyuka cikin duwatsu da dazuzzuka da suka shekara da shekaru ba su ga mai koyarwa ba, amma ba a taɓa manta karɓar kuɗi daga gare su ba. Ya ce manyan ƙasa suna sayen takardar sarki su mai da gonakinsu gidajen sufaye na ƙarya, don su kuɓuta daga aikin yaƙi, suna zaune ciki da matansu da barorinsu, har ƙasa za ta rasa masu tsaronta. Ya ce a koya wa jama'a Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji da harshensu, ya kuma nuna shi kansa ya juya su zuwa Ingilishi saboda firistocin da ba su jin Latin.

Wani almajirinsa, Cuthbert, ya rubuta yadda ya ƙare. Mako biyu kafin Ista na 735 numfashinsa ya fara sarƙewa, amma bai bar koyarwa ba ko yini ɗaya. Aiki biyu ke hannunsa. Yana juya Bisharar Yohanna zuwa Ingilishi, ya kai sura 6 inda aka ambaci yaro mai gurasa biyar da kifi biyu. Yana kuma tsamo wasu wurare daga littafin wani malami, Isidore, yana gyarawa, don ba ya so yaransa su karanta kuskure su sha wahalar banza bayan ba shi. Ran Talata kafin Idin Hawan Almasihu ƙafafunsa suka kumbura. Ran Laraba da safe sauran suka fita zagayen addu'a, aka bar shi da yaro guda mai rubutu. Yaron ya ce saura sura ɗaya amma yana jin nauyin damunsa, ya ce masa ya fiƙe alƙalami ya yi sauri. Da la'asar ya sa aka ɗauko akwatinsa aka kira firistocin gidan, ya raba musu abin da ya mallaka: ɗan barkono mai kama da masoro, da adikai, da turaren wuta. Da magariba yaron, Wilberht, ya ce saura jimla ɗaya. Ya faɗa, aka rubuta. Sai ya ce a tallafe kansa ya fuskanci inda ya saba addu'a, yana zaune a daɓen ɗakinsa yana waƙar yabo har rai ya yi halinsa. A lissafinsu rana ta riga ta faɗi, daren Alhamis ne, 26 ga Mayu, 735. Fassarar Yohanna ɗin ba ta zo mana ba, ta ɓace.

Sauran littattafansa kuwa nema aka riƙa yi daga ƙetare. Boniface, mai wa'azi a Jamus, ya yi ta aiko wasiƙa a kwafa masa. A 764 shugaban gidan ya ba da haƙuri ga masu jira, ya ce tsananin sanyin shekarar ya sandarar da hannun marubuta. Makarantar da Ecgbert ya raya a York ita ta fid da Alcuin, wanda Sarki Charlemagne ya ɗauka ya riƙe masa makarantar fada.

Gidajen kansu ba su daɗe ba. A 793 'yan fashin teku daga arewacin Turai suka faɗa wa Lindisfarne, cikin ƙarni na 9 Wearmouth da Jarrow suka zama kufai. Wajen 1020 wani firist ya kwashe ƙasusuwan Bede ya kai Durham, kabarinsa yana cikin babbar majami'ar garin har yau. Wajen 1074 wani sufi daga kudu, Aldwin, wanda ya karanta labarin gidajen arewa a littafin Bede, ya taso da ƙafa da abokai biyu da jaki guda mai ɗauke da littattafansu, suka tarad da bango ba rufi a Jarrow suka yi masa jinka. A 1083 aka kwashe su zuwa Durham, gidajen biyu suka zama 'yan rassa masu sufaye ƙalilan, har Sarki Henry na 8 ya rufe duk gidajen sufayen Ingila tsakanin 1536 da 1540. Majami'ar Jarrow dai ana sujada cikinta har yanzu, an kuma haɗa gutsattsarin gilashi masu launi da aka tono a wurin an mai da su wata 'yar taga.

Na ba abokina wannan labari duka, ina tsammani na ƙure shi. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya tuna mini Bede ya tarad da littattafai 200 da wani ya sha wuya ya ɗauko masa daga Rum, ya tambaye ni wa zai ɗauko mana namu. Ban sami amsa ba. Da dare na buɗe akwatina na ƙirga waɗanda na mallaka, har da ƙamus ɗin da bangonsa ya cire, suka kama 11.